Baƙin Kekena da Mutanen Holan

Kafin ƙafata ta taka ƙasar Holan abu biyu na sani game da ita, kuma duka biyun a ɗakin mahaifiyata na san su: atamfa da madarar gwangwani. Idan aka ce zane ɗan Holan ne an gama magana, shi ake ɗorawa a saman akwatin lefe. Madarar Peak kuwa, wadda ta shigo Nijeriya tun 1954, ba a fasa ta sai an yi baƙon da ake ji da shi. Da karatun harkar ruwa ya kai ni garin Delft sai na tarar atamfar ba tasu ba ce ta ɗaurawa. Kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846, yana buga ta ana lodinta zuwa Afirka ta Yamma, amma ban taɓa ganin ta a jikin 'yar ƙasar ko ɗaya ba. Abin da na gani a ƙofar kowane gida, a gindin kowace gada, a gaban kowace makaranta, shi ne keke.

Nawa na saya a hannun wani ɗalibi da ya gama karatu zai koma gida. Baƙi ne, mai nauyi, irin wanda suke kira keken kaka: ba shi da sandar tsakiya, sarƙarsa a rufe take ruf don kada ta ci bakin wando, birkinsa kuma a feda yake, sai ka mayar da ƙafa baya zai tsaya. Da farko makaranta da kasuwa kawai yake kai ni. Daga baya, duk sanda aka ba mu hutu a watannin ɗumi, sai in rataya jakunkuna biyu a kariya in kama hanya. Da shi na bi tuddan yashin bakin teku na yi arewa, na ƙetara Friesland, na gangaro ta Overijssel da dajin Veluwe, wani hutun kuma na yi kudu zuwa Zeeland. Shekaru sun tura, sunayen ƙauyuka da yawa sun kwanta mini, amma ɗabi'un mutanen har yau suna nan daram a raina.

Abin da ya fara tsaya mini shi ne su wa ke hawa. Farfesan da yake koyar da mu, dattijo mai furfura da ake gayyata ƙasashe ya yi lacca, a kan keke yake zuwa, ya tura ƙafar wandonsa cikin safa, ya jingine shi kusa da na mai shara. Da safe za ka ga uwa da yaro ɗaya a 'yar kujera a gabanta, wani a bayanta, jakar cefane na reto, in ana yayyafi kuma ga laima a hannu ɗaya. Uba na tuƙi da dama, hagunsa a ƙeyar ƙaramin ɗansa yana tura shi. Tsoho da tsohuwa suna tafe kafaɗa da kafaɗa suna hira. Babu mai hular kwano a cikinsu, in ka ga mai ita to ɗan tsere ne ko baƙo. Mark Rutte ya yi kusan shekara 14 yana firaminista, sau da yawa a kan keke yake zuwa ofis a birnin Hague, ranar da ya miƙa mulki a Yulin 2024 ma a kansa ya tafi. Mutanen ƙasar kimanin miliyan 18 ne, kekunansu sun haura miliyan 22.

Hanyar keke daban take, jar kwalta ce, da danjarta da gadojinta, a wasu wuraren takan yi nisa da titin mota har ka daina jin ƙarar inji. Tsawonta ya haura kilomita 35,000, a ƙasar da ba ta kai jihar Kaduna girma ba. An ba kowace mararraba lamba. Da dare sai ka buɗe taswira ka kwafe lambobin da za ka bi a 'yar takarda, ka manna ta a kan keke, gari na wayewa ka yi ta bin farin allo mai koren rubutu daga lamba zuwa lamba har ka isa. Wani injiniyan haƙar ma'adinai ɗan Beljiyam, Hugo Bollen, shi ya ƙirƙiro tsarin, aka fara aiki da shi a 1995, mutanen Holan suka ɗauka suka baza shi ko'ina.

Ƙasar shimfiɗe take. Tudunta mafi tsawo, can kusurwar kudu inda ta haɗu da Jamus da Beljiyam, mita 322 ne kacal. Wanda ya ji haka zai ce tuƙin keke a can hutu ne, amma bai gamu da iska ba. Daga teku take tasowa, babu dutsen da zai tare ta, in ta sa ka a gaba sai ka yi ta taka feda da iya ƙarfinka, hasumiyar cocin da kake hange ta ƙi matsowa. Hawan tudu yana da ƙarshe, iska kuwa tana iya wuni a fuskarka. Ruwan sama ma ba ya hana su fita. Wata safiya ina fake a rumfar wani shago sai ga wata mata ta fito da ɗanta yana ƙunƙuni, ta ɗora shi a keke tana cewa, "Hau mu tafi, ai ba da sukari aka yi ka ba." Da wannan maganar ake rainon 'ya'yan ƙasar.

Ban cika kwana a otal ba. Akwai wata ƙungiya da aka kafa a 1984, Vrienden op de Fiets, dubban gidaje ne na mutanen gari da suka yarda su ba wanda ya zo a kan keke ko a ƙafa ɗaki da karin kumallo a kan kuɗi kaɗan. Ta wannan hanya na shiga gidajen malaman makaranta masu ritaya da manoma da tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwa, na hau matakalar benensu mai tsayi da ƙunci wadda sai ka karkata ƙafa kake iya taka ta, na ga zamansu na yau da kullum wanda ba a nuna wa ɗan yawon buɗe ido.

Tun kafin ka shiga gidan ka riga ka ga cikinsa. Tagar falo ƙatuwa ce, tana kallon titi, kuma ba a sakin labule ko da dare ya yi an kunna fitila. Kana wucewa ga iyali a kan tebur suna cin abinci, ga kantar littattafai, ga kyanwa a kujera, ga tukwanen fure biyu iri ɗaya a bakin tagar. Na tambayi dalili a gidaje daban-daban. Wasu suka ce tarbiyyar cocin Calvin ce, mutumin kirki ba shi da abin ɓoyewa. Wasu suka ce hunturunsu duhu ne, kowa kwaɗayin haske yake yi. Ni dai abin da na lura da shi, ɗabi'ar tana tafiya da 'yar'uwarta: mai wucewa ba ya leƙe, idonsa a kan hanya yake. Mai gida ya bar tagarsa a buɗe ne saboda ya amince maƙwabci zai kawar da kai, kuma wannan amincewar ta fi tagar burge ni.

Abin da bai kwanta mini ba, kuma har yau bai kwanta ba, shi ne sha'anin abinci da baƙo. Ƙarfe shida na yamma ake cin abincin dare, kuma daidai bakin mutanen gida ake dafa shi, in su huɗu ne yankan nama huɗu ne. A wani ƙauye a Friesland na isa masaukina shida saura kwata, a jiƙe, a gajiye. Uwar gidan, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta tarbe ni da fara'a, ta nuna mini ɗaki da inda zan shanya kaya, sannan ta ce, "Mu yanzu za mu ci abinci. Akwai gidan abinci a bayan coci, ƙarfe takwas suke rufe kicin." Ƙamshin dankali da man shanu ya cika gidan. Ta ja ƙofa. Na zauna a bakin gado ina tuna gidanmu, inda ko mai talla ya shigo ana cikin ci sai an ce masa bismilla, a ƙara wa miya ruwa in ta kama. A wannan fannin tamu ta fi, kuma babu abin da na gani daga baya da ya sauya mini ra'ayi.

Ƙarfe takwas daidai ta ƙwanƙwasa ta ce in sauko shan gahawa. Ta buɗe gwangwanin biskit, kowa ya ɗauki ɗaya, ta mayar da murfi ta ɗora shi a kanta. Sai tambayoyi, babu kwana babu sakaye: nawa ake ba ka a wata, matan mahaifinka nawa, in ka gama za ka koma ko za ka maƙale a nan? Ina ce mata Mevrouw, yadda ake girmama babbar mace a can, ita kuma tana cewa in kira sunanta kawai, bakina ya ƙi. Mijinta ya dubi takardar lambobina ya ce gobe iska za ta juya, ya karɓi biro ya soke su ya rubuta wasu. Da na koma ɗaki sai na tarar da wata 'yar takarda a kan tebur, an zana kibiya tana nuna kudu maso gabas, an rubuta Makka a ƙasanta. Tun ranar da na faɗa a waya cewa ni Musulmi ne, dattijon ya ɗauko kamfas ɗinsa na jirgin ruwa ya auna alƙibla. Da safe babu naman alade ko kusa da teburin, an dafa ƙwai, an yanka cuku iri biyu, wuƙa ma daban aka ajiye mini. Kyautar mutanen nan da mudu take, amma mudun a cike yake kuma babu algus. Abin da suka ce za su yi maka za su yi shi har ƙarshe, wanda ba za su yi ba kuma za su faɗa maka tun kana tsaye, ka san inda dare ya yi maka.

Haka suke ko a aji. Ɗalibi zai kira farfesa da sunansa na yanka ya ce masa lissafin nan ba daidai ba ne, farfesan ya dubi allo ya ce ka yi gaskiya, a wuce wurin. In abokai sun ci abinci a waje kowa nasa yake biya. Mai kuɗi kuma ba ya son a gane shi a titi. Na taɓa zama a jirgin fito kusa da wani mutum cikin tsohuwar rigar ruwa, sai da hira ta yi nisa na ji ashe gonar furanni gare shi da ke aika kaya ƙasashen waje. Kekensa da nawa ba su da maraba.

A banɗakin kusan kowane gida akwai kalanda a rataye. Ba ta da shekara, ba ta da ranakun mako, sunaye ne kawai a gaban kwanakin wata: ranar haihuwar 'ya'ya da jikoki da surukai da abokai. An sa ta a inda kowa zai gan ta kullum, don mantawa da ranar haihuwar ɗan'uwa babban laifi ne. Na dace da irin wannan biki a wani gida kusa da Zwolle. An jera kujeru an yi da'ira a falo, duk wanda ya shigo sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu yana yi musu barka, ba mai bikin kaɗai ba: barka da ranar haihuwar ƙanwarka, barka da ta maƙwabciyarka. Ni baƙon da ya sauka da yamma ma an yi mini tawa. Aka ba kowa gahawa da yankan kek, aka yi hira a natse, dare bai raba ba kowa ya hau kekensa.

A kan hanya gidaje suna ba ka labarinsu ba tare da ka tambaya ba. A watan Yuni za ka ga tutar ƙasa a jikin bango da jakar makaranta a rataye a sandarta, wato ɗan gidan ya ci jarrabawar gama sakandare. In ka ga an kafa tsuntsun katako mai dogayen ƙafafu, ɗan'uwan shamuwa, an yi haihuwa ke nan. Mutum-mutumin tsoho ko tsohuwa a ƙofar gida kuma yana nufin wani ya cika shekara 50. Wanda na fi so shi ne ɗan akwatin katako a bakin gona, cike da ƙwai ko dankali ko tuffa ko kwalaben zuma, an rubuta farashi a kwali, ga gwangwanin saka kuɗi, babu kowa a wurin. Ka ɗauka, ka saka, ka ɗebi canjinka da hannunka. Ba wai mala'iku ba ne, don a ƙasar ne ake satar kekuna ɗaruruwan dubbai a shekara, a birni sai ka sa kwaɗo da sarƙa hankalinka yake kwanciya. Amma a ƙauye akwatin ƙwan nan yana nan kowace safiya. Abincin rana kuwa burodi ne da cuku da madara, babba da yaro, sai ɗanyen kifin teku mai gishiri da ake kamawa ta wutsiya a tsoma a yankakkiyar albasa, wanda na saba da shi har na riƙa nemansa a kowace kasuwa.

Ruwa ba ka rabuwa da shi. Kimanin kashi 26 cikin ɗari na ƙasar yana ƙasa da teku, kuma sau da yawa hanyar keke a kan jinga take, ruwan da ke damanka ya fi gonar da ke hagunka tudu, shanu na kiwo a ƙasa jirgi na wucewa a samansu. Gada takan ɗaga a gabanka don jirgi ya wuce, kowa ya sauke ƙafa ya jira, babu mai tsaki. A Friesland na ga mai gadin gada yana zuro takalmin katako a bakin igiya, mai jirgi ya saka kuɗin wucewa a ciki bai ko tsaya ba. Inda babu gada akwai ɗan jirgin fito, wani ma babu matuƙi, kai za ka juya ƙarfe ka ja kanka zuwa ɗaya gaɓar. Na ƙetare Afsluitdijk, jingar nan mai tsawon kilomita 32 da aka gama a 1932 bisa tsarin injiniya Cornelis Lely, wadda ta datse wani reshen teku ta mayar da shi tafkin ruwan daɗi. Daga baya aka tsotse wani ɓangaren tafkin aka yi sabon lardi sukutum, Flevoland, a 1986.

A Zeeland na sauka gidan wani dattijo da matarsa ta rasu. Yana yaro aka yi ambaliyar daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairun 1953, lokacin da teku ya fasa jinga a wurare da dama ya kashe mutum 1,836. Ya ce a kan rufi suka kwana shi da mahaifiyarsa, suna jin kukan shanu har ya ɗauke. Muryarsa ba ta canja ba har ya gama. Sannan ya ce gobe in bi ta Ouwerkerk in ga gidan tarihin da aka yi a cikin manyan akwatunan siminti huɗu da aka toshe ɓaraka ta ƙarshe da su, in kuma hau katangar Oosterschelde da aka buɗe a 1986, mai ƙofofin ƙarfe 62 da ake saukewa in teku ya taso. A bakinsa abin da muke karantawa a aji ya zauna mini sosai. Tun ƙarni na 13 manoman ƙasar suke da majalisun ruwa, kowa a ba shi yankin jingar da zai kula da shi. Har yau majalisun suna nan, guda 21, da zaɓensu da harajinsu daban da na gwamnati. In mutum ɗaya ya yi sakaci da rabonsa, ruwa ba zai tambayi gonar wa zai fara ci ba. A ganina daga nan ne riƙon alƙawari da bin agogo da faɗin magana ƙarara suka samo tushe, don wanda ke zaune ƙasa da teku ba shi da lokacin kewaye-kewaye in ya ga tsaga a jingar maƙwabcinsa. Yaransu ma tun suna ƙanana ake kai su koyon iyo, kuma a jarrabawar har da iyo da tufafi da takalmi, saboda wanda ya faɗa ruwa daga kan keke ba a tuɓe yake faɗawa ba.

Dattijon nan kuma shi ya nuna mini tsadar wannan tsari. 'Ya'yansa suna Rotterdam, ba wani nisa, amma zuwansu sai an buɗe littafin alƙawura an nemi ranar da ta dace da kowa, wani lokaci makonni gaba. A ƙasar ba a faɗo wa mutum gida haka kawai, ko da mahaifinka ne. Ya ce yana karɓar masu keke ne don in ba haka ba sai ya yi kwanaki bai yi magana da kowa ba sai mai kanti. Gidansa tsaf, fanshonsa na zuwa a kan lokaci, likita na kusa, amma babu jikan da zai shigo da gudu ya hargitsa masa shimfiɗa. Da zan tafi ya tsaya a ƙofa yana ɗaga hannu har na sha kwana. Haka suke raka baƙo a ko'ina, amma tasa tsayuwar ta daɗe tana damuna.

Wanda ya san Holan ta labarin Amsterdam kawai zai yi mamakin Staphorst. Ranar Lahadi na ratsa ta: shaguna a rufe, babu mai yankan ciyawa, babu mai shanya, manyan gidajen gona masu korayen ƙofofi a jere, iyalai cikin baƙaƙen kaya suna tafiya coci a ƙafa, mata kowa da kai a rufe. Na sauka na tura kekena har na fita daga garin, don ranar tasu ce. Tawa sallar kuma a gefen gonaki na riƙa yin ta, a kan ciyawa, ba a taɓa tsayawa a kaina ba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare. In na shiga babban gari sai in nemi masallacin Turkawa ko na 'yan Maroko, zuriyar leburorin da aka ɗebo tun shekarun 1960. A can ne ake riƙe hannunka a ce ba ka tafiya sai ka sha shayi.

Baƙo zai iya ɗauka da jar hanyarta aka halicci ƙasar. Ƙwato ta aka yi. Bayan yaƙin duniya na biyu arziki ya zo, mota ta cika gari, aka riƙa rushe unguwanni ana cike hanyoyin ruwa don a yi mata titi, masu keke suka koma raɓe-raɓe. A 1971 haɗarin hanya ya kashe fiye da mutum 3,000, sama da 400 daga cikinsu yara ne. Wani ɗan jarida, Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe 'yarsa a hanyar makaranta, ya yi rubutu mai zafi a 1972, daga nan aka sami ƙungiyar Stop de Kindermoord, masu kiran a daina kashe yara. Iyaye suka riƙa toshe tituna, suna kafa tebura a tsakiyar kwalta, masu keke dubbai suka kwanta a ƙasa a dandalin gidajen tarihi na Amsterdam. Ga kuma rikicin man fetur na 1973, ƙasashen Larabawa suka hana Holan mai, gwamnatin Joop den Uyl ta hana tuƙa mota ranar Lahadi har sau goma, yara suka yi wasa a kan manyan tituna, manya suka tuna yadda gari yake in babu ƙarar inji. A 1975 aka kafa ƙungiyar masu keke ta ƙasa, aka fara gyara gari bayan gari. Doka ma ta tsaya wa mai rauni: in mota ta buge mai keke, a mafi yawan lokuta mai motar zai biya aƙalla rabin diyya ko da laifin na mai keken ne, in kuma yaro ne ƙasa da shekara 14 zai biya duka. Birnin Utrecht, wanda ya taɓa cike wata hanyar ruwansa ya yi titin mota, ya haƙe titin ya mayar da ruwan a 2020, kuma a tashar jirgin ƙasansa akwai wurin ajiye keke 12,500.

Mu ma mun taɓa zama mutanen keke. Mahaifina a kan Rale ɗinsa ya yi aikin koyarwa, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya ɗaure littattafai a kariya, ranar Juma'a a wanke shi a goge sifok ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikaci yakan karɓi bashin keke ya yi alfahari da shi, mu kuma a wajen mai keken haya muka koya, ƙafa ta ƙarƙashin sanda. Daga Kano har Maraɗi ƙasarmu shimfiɗe take, damina ma 'yan watanni ce. Yau malamin da ya zo makaranta a kan keke tausaya masa za a yi, wanda ya bar ɗansa ya hau babban titi da shi kuwa sai a ce bai san ciwon yaron ba, kuma da gaskiyar masu faɗa. Marigayi Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri a 2001, ya yi ta kiran mutane su koma keke, ya hau da kansa a Abuja, aka yi masa dariya, ƙarshe wata bas ta ture shi cikin kwata. Niyyarsa mai kyau ce, hanyar ce babu.

Za a ce mu zafi gare mu. Gaskiya ne, amma a cikin zafin iyayenmu suka hau, kuma inuwa dasa ta ake yi. Ina roƙon gwamnoninmu da injiniyoyin da ke zana sababbin tituna a Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram: duk titin da za a shimfiɗa a ware wa keke mita biyu a gefensa, a yi dakali tsakaninsa da motoci, a dasa darbejiya a jere, a hana masu kasa kaya da masu adaidaita sahu hawa kansa. A fara da hanyoyin da ke zuwa makarantu. Kuɗin mai ya fi ƙarfin albashin malamin firamare, kuma yaran da ke takawa a ƙafa cikin rana safe da yamma namu ne.